Ranar da Na Yi Lalube a Rijiyar Gwaggo

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu da kuke haƙurin sauraren damuwar mutane a wannan shafi. Ni a wancan zamani ɗan Argungu ne mai jini a jika, ban daɗe da aure ba, ina sayar da bandar kifi a Birnin Kebbi, ina haya a Badariya. Wannan tumbin da yake riga ni shiga ɗaki yanzu bai iso ba tukuna, siriri nake kamar sandar tuƙa jirgi. Abu biyu aka san ni da su, lalube da baki. Lalube, ga wanda bai tashi a bakin gulbi ba, shi ne kamun kifi da hannu tsura, ba homa ba ƙugiya. Ka nutsa, ka bi gindin gaɓa kana cusa hannu cikin ramuka, abin da ka taɓa ka damƙe. Abin da aka fara koya mana tun muna yara shi ne hannu in ya kama ba ya saki, ko kifin ƙurungu ya soke ka da ƙayarsa, ko numfashi ya ƙare, sai ka fito da abinka sama kowa ya gani. Batun baki kuwa, to, kifin da na kama da safe tsawon kamu ɗaya, kafin azahar ya kai tsawon mutum, kafin magariba sai an nemo jakuna biyu sun ɗauke shi.

Asalinmu ba cikin garin Argungu ba ne. Kakanninmu wani ɗan ƙauye suka zauna a gefen fadama, ba nisa da gari. Ambaliya ta yi ta cin gidajen shekara da shekaru har mutane suka gaji suka tashi, wurin ya zama kufai, daga baya kufan ma ya koma gonar shinkafa. Ba bango, ba rumbu, ba ko turken jaki. Abin da ya saura kawai wata tsohuwar rijiya ce, da gumaguman itace da aka gicciya a bakinta, waɗanda igiyar guga ta ci har ta yi musu zane-zane masu zurfi. An daina sha, an daina yasa. Cikin waɗanda aka haifa a ƙauyen kuma mutum ɗaya ta saura a duniya, Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Sunan mahaifinta na ci, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Babana.

Kowace shekara in an gama yankan shinkafa sai Gwaggo ta ce a kai ta gida. Mun san gidan da take nufi. Da ana ɗora ta a jaki, da na sayi babur sai aikin ya dawo kaina. Idonta ya riga ya yi rauni, amma da zarar an zaunar da ita a bakin rijiyar sai ta laluba gungumen da ya fi zurfin zane, ta ce wannan shi ke duban gabas, shi ke nan ƙauye ya dawo. Sai ta miƙa hannu tana nuna mana cikin karan shinkafa, ta ce can ɗakin innarta, can inda mata ke sussuka, can masallaci, can gidan wani maƙeri mai faɗan tsiya da ya taɓa bin ta da guduma saboda ta sa masa kwaɗo a salka. Daga ƙarshe ta juya ta nuna arewa, don a nan aka binne ɗanta na fari, wanda ya rasu yana goye. Ni ina zaune a gindin tsamiya ina ɓare gyaɗa, rabi ina ji rabi ina gyangyaɗi. Da na san abin da nake ji a lokacin, da na buɗe kunne da kyau.

Mai noman wurin ɗan wan mahaifina ne, Yaya nake ce masa. Ya daɗe yana son cike rijiyar, don tana tare masa huɗa, kuma ta taɓa cinye masa akuya. Gwaggo ta ce masa muddin rijiyar tana tsaye kada ya taɓa ta, ranar da ta faɗi da kanta ya yi yadda ya so. A kan haka suka zauna, kuma kowa a gidanmu ya san da wannan magana, har da ni.

A wata irin wannan ziyara ne Gwaggo ta faɗi maganar da ta zame mini tsautsayi. Cewa ta yi kakarta ta gaya mata zamanin yaƙe-yaƙe, in an ji mahara sun taso, mata kan zuba tasoshinsu na tagulla da mundaye cikin rijiya kafin su gudu. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta wuce zuwa wani zance. Ni kuwa na naɗe maganar na sa a aljihu na kawo Birnin Kebbi.

Majalisarmu a Gwadangaji take, ƙofar shagon wani tela Bakatsine, aminina na ƙut da ƙut kuma abokin wasana. Kun dai san tsakanin Kabawa da Katsinawa. In na iso sai ya toshe hanci ya ce a buɗe tagogi bawansa mai ƙarni ya zo, ni kuma in ce masa yaro tashi ka ba ubangidanka kujera. Kullum zancensa Kabawa ba mu da tarihi, wai tarihinmu in aka matse shi man kifi ne zai tsiyayo. Ranar nan na ce masa ya yi a hankali, mu rijiya guda muke da ita cike da kayan tarihi. Da farko tasoshi da mundaye na ce. Kafin sati ya zagayo sun zama takubba. Kafin wata ya mutu akwai sulke, akwai kwalkwali, akwai wani tambari da in damina ta faɗi manoma kan ji yana kaɗa kansa daga ƙasa. 'Yan majalisa na dariya suna ƙara mini wuta. Sai tela ya ajiye almakashi ya ce ya ji, shi ba ya son tambari, in kawo masa ko murfin tasa ne. In na kawo zai ɗinka mini babbar riga da aiki har gwiwa, sannan ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce Bakabe ubangidansa ne. In ban kawo ba kuma, in yarda a riƙa kirana Sarkin Yaƙin Kwaɗi.

Edita, abin da zai ba ka mamaki shi ne, ni da na ƙera labarin da bakina, na maimaita shi har na fara gaskata shi. In na rufe ido ina ganin takobin, har da jan kubensa.

Muka zaɓi wata ranar kasuwa cikin bazara, don na san Yaya zai shiga gari sayar da albasa. Na goyo tela muka yi sammako. Muka biya gidan Gwaggo a Argungu ta dama mana fura, ta tambaye ni ina zuwa da baƙo da wannan uwar igiya. Na ce zan kai shi ya ga gulbi ne, don su a garinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce cikin buta ba, igiyar kuma ta ɗaure shi ce kada ya suma ya faɗa. Ta yi dariya har da tari, ta ce in dai maido mata da bawanta lafiya. Haka na fita na bar tsohuwar nan tana sa mana albarka, ban gaya mata rijiyarta za ni ba.

Kada a ce mun tafi da ka. Mun yi shiri irin namu. Na san tsohuwar rijiya kan tara mugun iska, saboda haka muka kunna fitilar ƙwai muka zura ta har kusa da ruwa, ta ci gaba da ci lafiya lau. Muka yi ta jifa da hoge ko akwai maciji, ba abin da ya motsa sai ƙadangaru. Na ɗaure igiya a tsamiya, na ɗaura ɗaya bakin a ƙugu, na tuɓe riga na miƙa wa tela na ce ya riƙe da ladabi. A ganina duk abin da ke kashe mutum a rijiya na riga na yi maganinsa. Ruwa kuwa ai gidana ne.

Na fara sauka ina taka ramukan bango. Zafin bazara ya yanke kamar an rufe ƙofa, wani sanyi mai warin tsohuwar randa ya rufe ni. Da na ɗaga kai sai na ga sama ta koma kamar faifai, ga kan tela a gefe da hularsa, yana tambaya wai in na gamu da kakannina in gaishe su, in tambaye su ko da tarwaɗa suka yi yaƙin. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Na ja numfashi na nutsa na fara aikin da na iya. Na fito da katangar tukunya. Na fito da ruɓaɓɓen guga. Na fito da ƙashin akuyar Yaya, Allah ya mayar masa da alheri. Duk abin da na ɗaga sai tela ya yi guɗa kamar mace ya ce a buga tambari, Sarkin Yaƙin Kwaɗi ya ci gari. Raina ya fara ɓaci. Da ƙasan ta ƙi ba ni komai sai na koma bin bango, yadda muke bin gindin gaɓa. Can ƙasa da ruwa hannuna ya faɗa wani lungu, ya taɓa wani abu dogo, mai santsi, mai sanyi, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe daidai kamun hannu.

Na ɗago na kwarara ihu na ce tela ya fara auna yadi, takobi ya samu. Na koma na ja, abu ya ƙi. Na jijjiga shi, ya ɗan motsa. A nan na ji rairayi na zubo mini a kafaɗa, siriri, kamar ana tankaɗe. Na kuma ji muryar tela ta sake, ba wasa a cikinta, yana cewa in bari, in bari don Allah, gungumen bakin rijiya na rawa, ya yafe, ya yarda, in fito. Na ji shi sarai. Amma wallahi a wannan lokaci ba ni ke shawara ba, hannuna ne. Hannun da aka yi shekaru ana koya masa cewa sakin abin da ka kama abin kunya ne, ina zai saurari Bakatsine? Na tokare ƙafafuna biyu a bango yadda muke yi wa babban kifi in ya maƙale a rami, na tattara ƙarfina na fizga. Abu ya taho. Bango ya biyo shi.

In da a majalisa nake ba da wannan labari, da na ce ƙarar har unguwar Gesse a Birnin Kebbi an ji ta. Gaskiyar magana ba ta da wata ƙara, wani irin nishi kawai rijiyar ta yi, sai duhu. Da ƙura ta lafa na tarar rairayi da taɓo sun binne ni har ƙugu, sun riƙe ni kamar an dasa. Ƙasar da ta zubo ta tura ruwa sama, ya wuce wuya, ya zo haɓa, ya fara shiga baki. Na ɗaga fuska sama ina shaƙar iska da ƙyar. Ni da nake alfaharin ina iya kwana a ƙarƙashin gulbi, ga ni zan mutu a ruwan da bai kai faɗin tabarma ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Tela ya kama igiya yana ja yana kuka, to mutumin da nauyinsa bai fi na ƙwaryar zare ba me zai ja? Sai na ji ya saki ya zura da gudu yana kururuwa. Na ce shi ke nan, Bakatsine ya koma Katsina.

Ashe masu lambun albasa ya je ya tattaro. Allah ya saka wa mutanen nan. Wani cikinsu ya ciccibo injin ban-ruwansa a ka, suka zuro mesa suka tayar, ruwa ya fara ja da baya har ya sauka ƙirji. Ba wanda ya isa ya shigo, don bangon bai daina zubowa ba, sai suka zuro mini 'yar fartanya suka ce in tone ƙafafuna da kaina. Ina tono da hannu ɗaya, suka leƙo suka ce ina ɗaya hannun, ko ya karye? Na ce a'a, yana riƙe da kaya. Wani dattijo ya ce in saki kayan uban wa, in yi ta raina. Kun san ban saki ba? Cusa abin na yi cikin igiyar ƙuguna, sannan na ci gaba da tono. Da ƙafa ta samu, suka haɗu suka ja. Na fito kamar an zaro rogo, wando ya zauna a ƙasa, fatar ƙugu ta saɓule. Ba a gama ja na gefe ba sauran bangon ya rufta, gumaguman nan masu zane suka tafi ciki ɗaya bayan ɗaya, ina kallo.

Jama'a suka zagaye ni a ga takobin yaƙi. Na zaro shi na goge taɓon, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Itacen ƙirya ne, baƙi wuluk, ruwa ya goge shi ya yi sumul. Irin wanda mahaƙan da suke tokarawa a inda ƙasa ke da rairayi don ya riƙe bango. Ya yi zamani yana aikinsa shiru, sai da na zo na cire shi. Tela ya rungume kaina yana hawaye yana cewa ubangidana, ubangidana, sannu. Kalmar da na shiga rami dominta ke nan, ga ta an faɗa a gaban mutane, ban ji daɗin komai ba.

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya zo ya dubi ramin ya ce yanzu ya zama tarkon yara da dabbobi, kuma ai rijiyar ta faɗi. Ba wanda ya iya ce masa a'a. Kafin damina an cike, an baje, an yi huɗa a kai. Ni kuwa a ɗakin Gwaggo na yi jinya, ita ke gasa mini ƙugu da ruwan zafi tana shafa man shanu. Ta ji komai. Abin da ta ce kawai shi ne ta gode wa Allah, rijiyar nan tun da aka haƙa ta ba ta taɓa cin mutum ba, ga shi har ta tafi ba ta ci ba.

Da aka yanke shinkafa sai ta ce a kai ta gida, kamar kullum. Na rasa yadda zan ce a'a. Muka je, ni da ita da Yaya. Gona ta miƙe fayau, kara ko'ina iri ɗaya. Ta sauka daga babur ta tambaya ina wurin yake. Yaya ya nuna nan, ni na ce a'a can gaba kaɗan ne, muka tsaya muna musu a gabanta kamar wasu sakarkaru. Ta taka zuwa inda Yaya ya nuna, ta sunkuya ta miƙa hannu daidai inda ta saba samun gungumen, hannun ya tsaya a iska. Ta miƙe ta ce to in nan ce rijiya, ɗakin innarta yana, sai ta juya dama, ta juya hagu, ta rasa inda za ta nuna. Yaya ya kama kafaɗarta ya ce ga arewa nan, Gwaggo. Ta dubi wajen ta daɗe, sannan ta ce arewa ai faɗi gare ta. Ta ce mu tafi, rana ta yi zafi. Ba ta sake cewa a kai ta ba har Allah ya karɓi abinsa.

A hanyar komawa, tana bayana a babur ta riƙe rigata, sai ta matso kusa da kunnena ta tambaye ni ko da ruwan ya kai mini baki na sha. Na ce na sha wanda zai ishi raƙumi zuwa Agadas. Ta ce yaya na ji shi. Edita, ruwan nan taɓo ne da ruɓaɓɓen ganye da abin da akuya ta bari. Amma na ce mata Gwaggo ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, kamar zuma aka dama da ƙanƙara. Sai na ji tana dariya a bayana, ta ɗan buge ni a kafaɗa ta ce, “Ƙarya kaka yi, Babana. Ruwan nan tun asali kanwa-kanwa na, ko baƙi ba su iya sha nai. Sai dai namu na.” Na bar iska ta ɗauki laifin hawayen.

Yau na manyanta, har yanzu ina ba mutane dariya, ni da telana muna nan muna tsokanar juna da furfurarmu. Abin da ya sa na rubuto shi ne ina ganin samari yanzu suna shiga kufai da tsofaffin rijiyoyi da waya a hannu, wai neman kayan da, wasu don a kalle su, wasu don an ce musu akwai dukiya. Ina roƙonku ku bari. Ni na auna iska, na kori maciji, na ɗaura igiya, duk da haka saura ƙiris a yi mini sallah ba gawa, domin gwanintar da nake taƙama da ita ta gulbi ce, ba ta rijiya ba. Kuma ko kun fito da rai, ba ku san abin da za ku rushe wa wani ba. Kafin ku taɓa tsohon wuri, ku nemi tsohon da ya san shi ku zauna ku ji abin da wurin yake a gare shi, ku riƙe sunayen da zai faɗa, ku lura da inda yake nunawa. Ni ban riƙe ba. 'Ya'yana sukan tambaye ni ina ne garinmu na asali, duk bakin nan nawa sai ya mutu. In hanya ta bi da ni ta gefen gonar Yaya nakan rage gudu in yi wa Gwaggo addu'a, ita da ɗan da ta bari a can, amma har yau ban san daidai inda zan kalla ba.